Jaki Ba Shi da Lauya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokar Hana Zaluntar Dabbobi a Najeriya

Duk ranar da wani bidiyo ya karaɗe WhatsApp, na jakin da ya durƙushe da lodin yashi ana jibgarsa ko na tirelar shanu da aka buɗe aka tarar da matattu a ƙasa, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa. Wasu da gaske suke yi, wasu da gatse. Mun tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, har da na gatsen, tunda su ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu.

Wai a Najeriya akwai ma dokar da ta hana zaluntar dabba?

Akwai, kuma ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. A jihohin Arewa da Abuja, kundin hukunta laifuka na Final Kod wanda ya fara aiki a 1960 ya yi magana a sashe na 207 da na 208. Na farkon ya haramta dukan dabba na mugunta, da azabtar da ita, da shirya faɗan zakaru ko na raguna. Na biyun ya shafi dabbar aiki: ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, sa ta aiki tana da ciwo ko rauni ko tsufa, ko yin sakaci da ita har ta wahala. A Kudu kuwa kundin Kiriminal Kod ne, wanda asalinsa tun 1916, kuma sashe na 495 shi ne ya ɗauki wannan batu.

Wasu jihohi sun sake rubuta nasu kundin daga baya, kamar Legas a 2011 da Kaduna a 2017, saboda haka lambar sashe tana iya bambanta daga jiha zuwa jiha. Abin da muke kira a yi gyara ne ga dokar da ke kwance a takarda, da kuma tayar da ita ta yi aiki.

Me doka take ɗauka zalunci? Yanka ma yana ciki?

Yanka don ci ba laifi ba ne, haka hawa da noma da ɗaukar kaya. Ma'aunin shi ne wahalar da babu dalilinta. Sa jaki ya ɗauki mangala aiki ne. Sa shi ya ɗauka bisa gyambon da akumari ya ci masa a baya, ƙudaje na bi, wannan ya shiga cikin abin da doka ta hana. Sashe na 495 ya ma ambaci ɗaukar dabba ko jigilarta ta hanyar da za ta sha azaba, da ba ta guba, da yi mata aiki a jiki ba tare da kula ba. In aka bi wannan sashe ƙeƙe-da-ƙeƙe, mai rataye kaji ashirin kai ƙasa a bayan babur cikin zafin rana ya taka doka, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

To nawa ne hukuncin?

A nan ake dariyar takaici. Sashe na 495 ya ce ɗaurin wata shida, ko tarar naira hamsin, ko duka biyun. Naira hamsin, kuɗin ruwan leda. A Final Kod ɗaurin ba ya wuce shekara ɗaya, tarar kuma an yanka ta ne tun zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. A lokacin kuɗi ne masu zafi a aljihu. Hauhawar farashi ce ta cinye su, majalisu kuma ba su waiwaya ba. Ba mu kaɗai ba ne a wannan: dokar Indiya ta 1960 ita ma ta sa tarar rufi goma zuwa hamsin ga mai laifin farko, kuma 'yan ƙasar sun daɗe suna kuka da ita.

Abin lura shi ne wani sashe na daban a Kiriminal Kod, na 450. Wanda ya kashe ko ya raunata doki ko saniya ko akuyar wani da gangan yana iya shan ɗaurin shekara bakwai. Ka ga bambanci: in ka sari saniyar maƙwabci, shekara bakwai, in ka bar taka a turke ta mutu da ƙishirwa, naira hamsin. Doka dukiyar mutum take tsarewa, zafin da dabbar ta ji kuwa ko oho. Duk gwagwarmayar gyaran nan a kan wannan tazara take.

In dokar na nan, me ya sa ban taɓa jin an hukunta kowa ba?

Saboda babu mai ƙara. Dabba ba ta da baki, mai ita kuma shi ne galibi mai laifin. Maƙwabci ba zai ɓata zumunci a kan kyanwa ba. Ɗan sandan da aka kai wa ƙorafi zai duba ya ga kuɗin man da zai ƙona zuwa wurin ya ninka tarar sau ɗari, sai ya ce a je a sasanta. Da yawa daga cikinsu ma ba su san sashen ba, ba a taɓa tambayarsu shi ba tun da suka baro makarantar horo.

Sannan babu wata hukuma da ake gani ta riƙe wannan a matsayin aikinta. Likitocin dabbobi na gwamnati suna mayanka da kan iyaka, amma cuta aka tura su nema, irin su tarin fuka da ciwon hanta. Kaya in ya zama na kowa, ba na kowa ba ne. Duba amsar da ke ƙasa kan abin da sabuwar doka ya kamata ta ƙunsa.

Mutane na mutuwa da yunwa, 'yan bindiga na sace jama'a, ku kuna ta maganar jaki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa, kuma ba mu raina ta ba. Ran ɗan Adam yana gaba, babu ja. Sai dai a ƙauye jakin nan shi ne motar gida. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai taki gona, shi ke kai hatsi kasuwa, kuma ranar da ya mutu kan yarinya ko uwarta tulun yake komawa. Shanun huɗa guda biyu su ne tarakta. Naman da aka ja a ƙasa a kwata cikin tukunyarka zai ƙare. Kula da dabba a ƙasa irin tamu maganar abinci ce da lafiya tun kafin ta zama maganar tausayi.

Akwai kuma abin da iyaye suka sani tun da can: yaron da ya saba ɗaure wa kyanwa gwangwani a wutsiya yana dariya, a sa masa ido. A Amurka, tun 2016 hukumar FBI ta ware zaluntar dabba a matsayin rukunin laifi mai zaman kansa a ƙididdigarta, saboda sau da yawa gidan da ake azabtar da dabba akan tarar ana azabtar da mace ko yaro a cikinsa.

Wannan ba aƙidar Turawa ba ce ake son shigo mana da ita?

Ɗalibin da ya karanta Arba'una Hadisi a makarantar Islamiyya ya riga ya wuce wannan tambaya. Hadisi na goma sha bakwai ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wurin yanka: a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. An hana yi wa dabba lalas a fuska, an kuma la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Kiristoci ma suna da shi a littafin Karin Magana 12:10, inda aka siffanta adali da mai kula da ran dabbarsa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne fiƙihun Malikiyya bai bar maganar a wa'azi kaɗai ba. A Mukhtasar na Khalil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi kuma a sayar da ita. Wato alƙali yana da ikon raba mutum da dabbarsa. Littattafan hisba na da can sun sa hana lodin da ya wuce kima cikin ayyukan mai kula da kasuwa. Ingila kuwa sai a 1822 ta yi dokarta ta farko kan zaluntar shanu da dawakai, da ƙoƙarin wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da ta zama RSPCA kuma aka kafa ta a 1824. In ana maganar wa ya riga wa, ba mu ne a baya ba. Mu dai mun bar namu ne a kan mumbari.

A ina aka fi zaluntar dabbobi a ƙasar nan?

A kan hanya. Mugun da ya ƙona kare yana jan hankali a intanet, amma shi ɗaya ne. Abin da ke faruwa kullum, dubbai a rana, shi ne tafiyar shanu daga kara irin ta Potiskum, Maigatari, Mai'adua, Illela ko Wudil zuwa Kudu. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne, daga Maiduguri ya haura dubu da ɗari biyar. Ana loda su a tirelar da ba don dabba aka ƙera ta ba, a ɗaure ƙaho a jikin katako, a kwantar da wasu a kan wasu, a shimfiɗa katakai sama a ɗora awaki, mutane kuma su hau can ƙoli. Kwana biyu, uku, in mota ta lalace ko hanya ta cushe har fiye, yawanci babu saukewa, ruwa sai abin da aka watsa musu. Wadda ta faɗi, 'yan uwanta su tattake ta. Shi ya sa yaran mota ke tafe da wuƙa, don a yi saurin yankawa kafin ta zama mushe.

A tambayi direba dalili, zai ce kuɗin gas da shingayen karɓar haraji a kowace ƙaramar hukuma su suka sa dole a cika mota maƙil, kuma tsayawa ko'ina haɗari ne. Gaskiyarsa. Saboda haka dokar da ta tsaya kan kama direba kawai, an bar jaki ana dukan taiki. Amurka tun 1873 take da dokar da ta ce ba a wuce awa 28 da dabbobi ba tare da an sauke su sun ci sun sha sun huta ba. A Tarayyar Turai, shanu kan yi awa 14, a tsaya a shayar da su, su ƙara 14, sannan a sauke su su huta yini da kwana. Irin wannan ƙa'ida ba ta yiwuwa sai gwamnati ta gina zangon saukewa mai ruwa da tsaro a manyan hanyoyi, misali wajen Mokwa ko Lokoja inda motocin suke bi.

Asarar ma ta 'yan kasuwar ce. Saniya tana ramewa a hanya, naman da ya ƙuje ko jini ya kwanta a cikinsa ana yanke shi a zubar, na dabbar da ta galabaita yakan yi duhu ya kuma yi saurin lalacewa. Fata mai tabon bulala da lalas kuwa, je ka tambayi majema a Kano nawa take faɗuwa.

Mayanka fa? Ai can sarkin fawa yana sa ido.

A inda sarkin fawa ke da ƙarfi, ana ganin bambanci, kuma duk dokar da ta tsallake shi ba za ta je ko'ina ba. Amma wanda ya taɓa shiga babbar kwata da asuba ya san abin da ake yi: murɗe wutsiya har ta karye don saniya ta tashi, jan wadda ta kasa tafiya a kan siminti, sare jijiyar ƙafa don a kayar da babban sa, yanka wata a gaban wata, wasa wuƙa a idonta. Kusan duk waɗannan malamai sun hana su ko sun karhanta su tun kafin a haifi kakanninmu.

Sai yanka dabba mai ciki, wanda ya fi yawa da rani lokacin da makiyayi ya matsu ya sayar. Likitocin dabbobi a jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu a kai, domin kowane ɗan tayin da aka jefar garken gobe ne ya ragu. Maganinsa sananne ne: a duba kowace mace kafin a shigar da ita, mai ciki a ware ta, a samu wata hanya ta saye ta a hannun mahaucin don kada asarar ta faɗa kansa shi kaɗai. In ba a yi wannan na ƙarshen ba, yankan zai koma bayan gari cikin dare.

Me ya sa ake yawan ambaton jakuna musamman?

Saboda fatarsu ta zama haja. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro da suke kira ejiyawo, ana sha a matsayin maganin gargajiya. Jakunansu, da suka kai kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990, sun ragu ƙwarai, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 duk shekara don wannan sana'a. Jaka kuwa shekara guda take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya take haifa. Ba kaza ba ce da za a cike gurbinta cikin wata biyu.

Mai neman fata bai damu da ko jakin ya ci ko ya sha a hanya ba, tunda fatar ramamme da ta mai ƙiba kuɗinsu ɗaya. Nan zaluncin yake. Daga kasuwannin kan iyaka ake kwasar su zuwa wurare irin su Ezzamgbo a jihar Ebonyi. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna tun 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka a Addis Ababa suka amince da hana yanka jaki don fata a nahiyar baki ɗaya. Sai dai matsayar Addis Ababa ba ta kama kowa a Maigatari sai an mayar da ita dokar ƙasa mai hukunci. An sha kai ƙudiri Majalisar Tarayya a kan jakuna, ciki har da wanda Garba Datti Muhammad ya gabatar a Majalisar Wakilai, kuma ana ta jayayya tsakanin masu cewa a hana ɗungurungum da masu cewa a tsara kiwo da yankan.

Ba ta nan za a bi a hana mu layya da yanka irin na addini ba?

Tsoron yana da tushe. Denmak ta hana yanka ba tare da an fara sumar da dabba ba a 2014, yankuna biyu na Beljiyam suka bi sahu a 2019, kuma Musulmi da Yahudawan can sun yi ta shari'a a kai. Amma wannan rigimar Turai ce. Gyaran da ake nema a nan 'yan majalisar Kano ko Katsina ko Bauchi ne za su rubuta shi, kuma abu ne mai sauƙi a sa sashe ƙarara cewa yanka bisa ƙa'idar addini halal ne a doka. Abin da za a hana shi ne abin da ke faruwa kafin wuƙa: ragon layya da aka cusa a but ɗin mota aka rufe, ko aka ɗaure ƙafafu huɗu aka yar a rana tun safe. Hawan sallah ma yana nan daram, mai doki ne dai zai daina amfani da linzamin da ke yaga baki har jini.

Tsananta hukunci yana hana laifi kuwa, ko huce haushi ne kawai?

Ingila da Wales sun ɗaga mafi girman hukunci daga wata shida zuwa shekara biyar a 2021. Amurka ta yi dokar tarayya a 2019 mai ɗaurin da ya kai shekara bakwai kan mafi munin azabtarwa, bayan duk jihohinta hamsin sun riga sun mayar da shi babban laifi. Jamus ta sa kare dabbobi cikin kundin tsarin mulkinta a 2002. A Afirka, Tanzaniya ta yi cikakkiyar dokar jin daɗin dabbobi a 2008.

Ra'ayinmu shi ne, yawan shekarun da aka rubuta ba shi ke tsorata mai laifi ba kamar sanin cewa za a kama shi. Tarar naira dubu hamsin da ake karɓa da rasit kowace ranar kasuwa ta fi ɗaurin shekara goma da ba a taɓa yanke wa kowa ba. Amfanin babban hukunci shi ne yana sa ɗan sanda da mai gabatar da ƙara su ɗauki fayil ɗin da muhimmanci, yana kuma ba alƙali abin da zai yi da wanda ya zuba wa kare fetur ya cinna wuta. Gidajen yarinmu cike suke da masu jiran shari'a, ba ma neman a ƙara musu masu amalanke.

Talaka mai jaki ɗaya fa? Ba shi za a fi murƙushewa ba?

In aka rubuta dokar da ka, shi za a murƙushe, kuma za ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin kasuwa. Shi ya sa dole a raba laifi gida uku. Akwai na rashin sani ko rashin hali, kamar mai jakin da bai san cewa toka da baƙin mai ba sa warkar da gyambo ba. Wannan gargaɗi ne nasa, da magani, da wa'adin gyarawa. Akwai na neman riba, kamar mai tirelolin da ke cusa shanu fiye da kima ko dillalin fatar jaki, wanda tara mai nauyi da ƙwace lasisi ne kawai yaren da yake ji. Sai na mugunta tsantsa, wanda shi ya cancanci ɗauri.

Na taɓa tsayawa wurin wani mai ɗiban yashi ina masa faɗa kan bayan jakinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, in ya huta yau, me yarana za su ci?" Ban da amsa a ranar. Amsar ita ce asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma da ke da magani a ciki, kuma wannan ma aikin doka ne da kasafin kuɗi.

To me kuke so sabuwar doka ta ƙunsa?

Na farko, ta ɗora wa mai dabba nauyin kula da ita: ci, sha, inuwa, magani, da wurin motsawa. Yanzu sai an jira dabba ta galabaita kafin a ce an yi laifi. Da wannan nauyi, jami'i yana iya shiga tsakani tun kafin a kai can. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Faris, wadda Najeriya mamba ce a cikinta, tana da ƙa'idojin jigila da na yanka a rubuce, ba sai an fara daga tushe ba.

Na biyu, tarar kada a sake rubuta ta da adadin da zai ruɓe. A ɗaure ta da mafi ƙarancin albashi ko da darajar dabbar, don kada jikokinmu su zo suna mana dariyar da muke yi wa naira hamsin. Sannan kotu ta samu ikon ƙwace dabba da hana mutum sake riƙe wata na wasu shekaru. Kiriminal Kod ya ɗan taɓo ƙwacewar, amma a taƙaice. Sai kuma a ambaci sunan mai aikin: likitoci da malaman dabbobi a ba su ikon dubawa da rubuta takardar laifi, tare da sarakunan fawa da shugabannin kara, da Hisba a jihohin da take.

Wa ke da ikon gyarawa, kuma ta ina mutum zai fara?

Yawancin laifuffuka a Najeriya hurumin jiha ne, don haka majalisar dokokin jiharka ita ce ƙofa mafi kusa. Ɗan majalisa ɗaya ya isa ya gabatar da ƙudiri. Zai bi karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a kira sauraron ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, sannan gwamna ya sa hannu. Wurin sauraron ra'ayin nan ne ake cin nasara ko a faɗi. In masu kare dabbobi suka zo su kaɗai da turancinsu, ƙungiyar mahauta da ta dillalai za su tashi su ce ana son kashe musu sana'a, shi ke nan an binne. In kuwa sarkin fawa da limami da likitan dabbobi suka zauna a layi ɗaya, ɗan majalisa ba shi da abin tsoro.

Abin da ya shafi ƙetare jihohi da fitar da kaya waje, kamar tirelolin shanu da fatun jakuna, na tarayya ne. Tun 2024 akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi mai zaman kanta a Abuja, ga kuma ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa mai rassa a jihohi. Wasiƙa gajera mai shafi ɗaya, da hotuna daga kasuwar mazaɓar ɗan majalisar, ta fi dogon rubutu a Facebook tasiri.

Karnukan titi da namun daji fa, suna ciki?

Suna ciki. Duk sanda mahaukacin kare ya ciji yaro, abin da ake yi shi ne a bi karnukan unguwa da sanduna ko a zuba guba. Gubar tana kashe kaji da kyanwoyi da ungulu, wani lokaci ta kai ga yara, bayan 'yan watanni kuma wasu karnukan su cike gurbin. Masana sun daɗe da nuna cewa yi wa kashi saba'in cikin ɗari na karnukan wuri allurar rigakafi shi ke yanke cutar, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar.

Sashe na 207 ya haɗa da naman dajin da aka kama aka tsare, don haka kurar da ake yawo da ita a kasuwa da takunkumi da sarƙa, da birin da ake sa wa riga, doka ta san da su. Hausawa ma sun gama magana: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ungulu kuwa, wadda da ba a rasa ta a kowace mahauta, yanzu sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya ba a wasu garuruwa, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu. Ita tana ƙarƙashin dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, wadda ita ma aiwatarwa ce matsalarta.

Na ga ana zaluntar dabba a gabana. Me zan yi yanzu-yanzu?

Fara da sallama da magana mai laushi. "Bawan Allah, a rage masa kayan nan mana, alhaki ne" ta fi zagi aiki, musamman in ka sa hannu aka sauke buhun tare. Kada ka yi faɗa da mai sanda a hannu, kada kuma ka tara masa jama'a, mun san yadda taron kasuwa yake rikiɗewa. In maƙwabci ne, bi ta wurin mai unguwa ko limami. In a kara ne ko kwata, nemi shugaban kasuwa, sarkin fawa, ko likitan dabbobin da ke bakin aiki.

In abin ya wuce nasiha, ɗauki hoto ko bidiyo daga inda ba za ka jefa kanka cikin haɗari ba, ka rubuta rana da wuri da lambar mota in akwai. Kai wa 'yan sanda a rubuce, ka ambaci lambar sashen da aka kawo a amsa ta farko, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A Arewa ana iya shigar da ƙorafi kai tsaye gaban majistare in 'yan sanda sun yi biris. Ka guji watsa fuskar mutum da sunansa a intanet kafin hukuma ta duba, musamman in yaro ne. Kwafin da ka riƙe kuma kada ka yar, ko da ƙarar ba ta je ko'ina ba, domin irinsu ne ake ajiyewa a gaban kwamitin majalisa ranar sauraron ra'ayin jama'a.